Taragan Saliyo a Ƙasar Wales: Tarihin 'Yan Sa-kai Masu Gyaran Tsofaffin Jiragen Ƙasa

Mu mazauna zango da sabo a nan Kudu babu mai ba mu labarin jirgin ƙasa. Dogo ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya isa Kano a 1911, kuma tun daga lokacin ne fataucin goro da na shanu ya bar bayan jaki da tafiyar ƙasa ya koma cikin tarago. Da yawa daga cikinmu, kakanninmu a tarago suka zo, daga su sai tabarma da buta da ƙunshin guzuri. Amma da za a tsare mu yau a ce ina taragan da suka kawo su, sai dai mu yi shiru. Iyakar abin da muka sani shi ne, kowa ya taɓa ganin wani tsohon tarago an yasar a gefen wata tasha, ciyawa ta fito ta taga, awaki na kwana a ƙarƙashinsa.

Wannan ne ya sa a wannan fitowa muka ga ya dace mu ɗauko tarihin wasu mutane a can Birtaniya, waɗanda suka mai da gyaran tsofaffin taragai aikin gayya, ba albashi ba lada. Abin da ya ƙara jawo hankalinmu gare su shi ne, a cikin taragan da suka ceto har da na nan Afirka ta Yamma.

Asalin abin ya faro ne daga yankin Wales, wato yamma da Ingila, ƙasar duwatsu da tumaki da ruwan sama. Akwai wani ɗan siririn layin dogo a can mai suna Talyllyn, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 1866. Mai shi, Sir Henry Haydn Jones, ya yi ta riƙe shi da kuɗin aljihunsa duk da ba ya kawo riba, har ya mutu a 1950. Kowa ya ɗauka shi ke nan, sai 'yan gwangwan. Sai wani injiniya kuma marubuci mai suna Tom Rolt ya kira taro a birnin Birmingham a watan Oktoba na shekarar, aka kafa ƙungiya, aka ce za a karɓi layin a riƙa tafiyar da shi da hannun 'yan sa-kai. Ranar 14 ga Mayu, 1951 jirginsu na farko ya tashi. Wannan shi ne karo na farko a duniya da masu sha'awa kawai suka karɓi layin dogo suka riƙe. Kuma har yanzu taragan fasinja na asali, waɗanda aka ƙera a shekarun 1860, suna nan a hannunsu.

Da sauran mutane suka ga abin ya yiwu, sai kowa ya fara waiwayar layin garinsu. A daidai lokacin kuwa hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya na ta rufe ƙananan layuka, musamman bayan rahoton Dokta Beeching na 1963, sannan a 1968 ta yi sallama da jirgi mai kwal a manyan layukanta. Yau layukan da 'yan sa-kai ke riƙe da su a ƙasar sun haura 100.

Wanda ya fi shafarmu a cikinsu shi ne layin da ya tashi daga garin Welshpool zuwa wani ƙauye mai suna Llanfair Caereinion. (Kada mai karatu ya wahalar da harshensa, Turawan Ingila ma da ƙyar suke faɗin sunan. Mu dai za mu riƙa cewa Llanfair.) An buɗe shi a 1903, tsawonsa wajen mil 9, faɗinsa kuwa ƙafa 2 da inci 6 kacal, wato bai kai namu na Ikko zuwa Kano ba, mai ƙafa 3 da inci 6. A riƙe wannan awo, domin shi ne zai ja mu har Saliyo. Layin manoma ne: yana kai musu kwal da taki, yana sauko da tumaki da shanu kasuwar Welshpool. Kawunan jirgi biyu aka saya masa daga kamfanin Beyer Peacock na Manchester, ƙirar 1902, aka sa musu suna The Earl da The Countess don girmama basaraken yankin da uwargidansa. Taragan fasinja kuwa uku ne tak.

Motar haya ce ta fara karya shi. A 1931 aka daina ɗaukar fasinja, taragan nan uku kuma aka kwashe su, daga baya aka farfasa. Jigilar kaya ta ci gaba da jan ƙafa har 1956, sannan aka rufe. Masu sha'awa suka kafa kamfaninsu a 1960, suka yi ta saran daji da canza katakon da ya ruɓe a ƙarƙashin dogo, har a 1963 suka sake buɗe wani sashe daga Llanfair. Ba su gama murna ba, a Disambar 1964 ambaliyar kogin Banwy ta gurɓata musu gada, sai da injiniyoyin soja suka kawo ɗauki aka gyara a 1965. Ba su sake isa bakin garin Welshpool ba sai 1981. Shekara 18 ke nan ana abu ɗaya, a kan tafiyar da ba ta kai mil 9 ba.

To, ga kawunan jirgi sun samu, domin The Earl da The Countess sun tsira, amma ina za a zuba mutane? Wannan ita ce matsalar da ta fi ci musu tuwo a ƙwarya. Layi mai faɗin ƙafa 2 da inci 6 ba shi da yawa a Birtaniya, don haka ba a samun taragansa a kasuwa. Da farko sun samo wasu daga wani layin rundunar sojan ruwa da aka rufe a yankin Kent. A 1968 kamfanin jirgin Zillertal na ƙasar Ostiriya ya ba su kyautar taragai huɗu na katako, masu ɗan baranda gaba da baya, waɗanda wasunsu tun wajen 1900 aka ƙera su. Duk da haka ba su isa ba. Sai labari ya zo musu cewa gwamnatin Saliyo na rufe layinta gaba ɗaya, kuma faɗinsa daidai yake da nasu.

Layin Saliyo ba ƙaramin layi ba ne. An fara gina shi a 1896, ya tashi daga Freetown ya nausa har Pendembu kusa da iyakar Laberiya, tafiyar mil 227, ga kuma reshe zuwa Makeni. Shi ya yi ta sauko da kwakwar manja zuwa bakin teku fiye da shekara 70. A ƙarshen shekarun 1960 aka yanke shawarar a bar shi a koma titin mota, aka riƙa rufewa sashe-sashe har 1974. Mutanen Llanfair suka yi karo-karo, suka tura wakilai Freetown, suka sayi kan jirgi mai lamba 85, wanda kamfanin Hunslet na birnin Leeds ya ƙera a 1954, da taragan fasinja huɗu ƙirar Gloucester na 1961, wato shekarar da Saliyo ta sami mulkin kai. A 1975 jirgin ruwa ya sauke su a Liverpool. Ka ji ikon Allah: kayan da aka ƙera a Ingila aka kai Afirka, ga shi sun komo gida bayan sun sha ranar Bo da Kenema.

Sayen tarago shi ne mai sauƙi. Riƙe shi shi ne aiki, kuma a nan ne muke so mu ɗan daɗe, domin ɓangaren da baƙo mai yawon buɗe ido ba ya gani ke nan.

Irin waɗannan layuka suna aiki ne daga wajen Maris ko Afrilu zuwa Oktoba, lokacin da gari ke da ɗumi kuma mutane ke hutu. A Disamba sukan fito da 'yan jirage na musamman don yara saboda Kirsimeti, wanda ke kawo musu kuɗi sosai. Daga Janairu kuwa sai a rufe ƙofa. Watannin nan biyu zuwa uku su ne kaɗai damar da ake da ita ta kwance tarago a duba cikinsa, domin da bazara kowane tarago yana kan aiki, in aka cire ɗaya an rage kuɗin tikiti. Kuma kada mu ji an ce hunturu mu ɗauka irin namu ne mai busar da leɓe. Nasu jiƙaƙƙe ne: yayyafi ba dare ba rana, wani lokaci ƙanƙara, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi. A cikin wannan hali ne mutum zai baro ɗakinsa mai ɗumi ran Asabar, ya tuƙa mota mil hamsin ko ɗari da man aljihunsa, ya zo ya kwanta a ƙarƙashin tarago da tocila.

Daga ƙasa ake farawa. Akan sa jak a ɗaga gangar jikin tarago, a turo ƙafafun waje. Kowace ƙafar jirgi tana da ɗan leɓe ta ciki wanda ke hana ta sauka daga dogo, kuma kwana-kwanar layin duwatsu tana cinye leɓen nan, don haka sai an auna shi da ma'auni, in ya sirance a kai ƙafar injin gurza ko a sake ta. Sai akwatin mai da ke kan sandar ƙafafun. A tsofaffin taragai akwai wani ƙunzugu na ulu a ciki da ke tsotso mai yana shafa wa sandar. In ruwa ya shiga ko ƙunzugun ya bushe, wurin zai yi zafi har ya kama hayaƙi. Tsofaffinmu da suka yi rakiyar shanu a wagunu sun san wannan warin.

Sai birki. Galibin tsofaffin taragan Birtaniya birkin zuƙe iska gare su. Bututu ɗaya ne ya ratsa jirgin tun daga kai har wutsiya, injin yana zuƙe iskar da ke ciki, kuma muddin babu iska a bututun, birki a sake yake. Da iska ta shiga, sai birkin kowane tarago ya kama. Hikimar ita ce, ko da jirgi ya tsinke a kan gangara, bututun zai yage, iska ta shiga, kowane ɓangare ya tsaya da kansa. A layin Llanfair wannan ba abin wasa ba ne, domin daga Welshpool akwai hawan Golfa, inda dogo ke tashi ƙafa ɗaya a cikin kowace ƙafa 30 ko ƙasa da haka. Saboda haka duk robar da ta tsage sai an canza, duk tukunyar birki sai an buɗe an gwada. Hukumar da ke sa ido kan manyan jiragen ƙasar ita ce ke sa ido a kansu, ba ta kuma cewa ai 'yan sa-kai ne a yi musu sassauci. Kowane tarago da littafinsa, wanda ya duba ya sa hannu.

Babban abokin gaba dai shi ne ruwa, kuma ta sama yake shigowa. Rufin tsohon tarago katako ne aka shimfiɗa masa zanen tamfol, aka dame shi da fenti mai kauri. Tartsatsin kwal daga bututun hayaƙi yakan faɗo ya huda shi, hudar da ba ta fi ƙwayar gero ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa zai bi ta nan ya gangara cikin ginshiƙi, ya taru a gindinsa inda katako ya haɗu da ƙarfe, shekara biyu uku ba wanda ya sani, fenti na ta ƙyalli a waje. Ran da kafinta ya soka tsinke ya ji ya shige kamar cikin gurasa, to aikin mako biyu ya zama na shekara biyu. Dole a ɓamɓare allunan gefe, a yanke ruɓaɓɓen, a sassaƙa sabo daidai da tsohon, a haɗa. Taragan ƙarfe irin na Saliyo kuma tsatsa ce ke cin su, musamman ƙarƙashin tagogi da bakin daɓe, wannan kuma aikin mai walda ne: a yanke, a sa sabon faranti, a goge har ba a gane wurin ɗinkin.

Fenti shi ne ƙarshe, shi ne kuma mai cin rai. Da buroshi ake yi, shafi bayan shafi, kowane shafi sai ya bushe a bi shi da samfefa mai laushi kafin a ƙara wani, sannan a ja layukan ado da lambobi da hannu, a rufe da man ƙyalli. Ga shi kuwa fenti ba ya son sanyi, ba ya son laima, ba ya son ƙura. Akan yayyafa ruwa a daɓe don kada ƙura ta tashi, a hana kowa buga guduma a kusa. In sanyi ya yi yawa da dare, da safe a tarar fentin ya dushe, sai a goge a sake. A gefe guda kuma ga masu ɗinkin kujeru, mata da maza, ga masu goge hannun ƙofa na tagulla, ga wanda aikinsa kawai ya dafa shayi. Mu da muka san gayya mun san mai kawo fura ma ɗan gayya ne.

Da daɗewa suka gane cewa duk wannan wahala banza ce in tarago zai kwana a waje. Shi ya sa kusan kowane layi, da zarar ya ɗan farfaɗo, abin da yake fara neman kuɗi a kansa shi ne rumfar ajiye taragai. A ganinmu wannan ya fi duk wani fenti muhimmanci, ko da yake shi ne abin da ba a ɗaukar hoto a gabansa.

Su wane ne masu wannan aiki? Akwai tsofaffin ma'aikatan reluwe, amma da yawa ba su taɓa cin albashin jirgi ba: malaman makaranta ne, da akawuna, da likitoci, da masu shago, galibi waɗanda suka yi ritaya. Wanda bai iya komai ba da samfefa zai fara, shekara ta zagayo a ba shi buroshin shafin farko, a hankali har ya zama shi ke koya wa wani. Matsalarsu a fili take. Furfura ta yi yawa a rumfar, kuma sana'o'in nan, irin su shimfiɗa rufin tamfol da jan layi da hannu, babu masana'antar da ke koyar da su yanzu. In tsoho ya tafi bai koya wa yaro ba, shi ke nan. Annobar korona ta 2020 ma ta taɓa su ƙwarai, domin an rufe layukan a daidai lokacin samun kuɗi.

Suna da gardamarsu kuma. In aka canza ginshiƙai, aka canza rufi, aka canza alluna, shin tsohon tarago ne ko sabo? Wasu na cewa a bar kowane guntun katako na asali muddin zai iya tsayawa, wasu na cewa tarago don ɗaukar mutane aka yi shi, lafiyar fasinja ce gaba. Mutanen Llanfair sun ma wuce nan. Tunda taragansu uku na 1903 sun riga sun salwanta, sai suka koma ga tsofaffin zane da hotuna, suka ba ma'aikatar Boston Lodge ta layin Ffestiniog kwangila, aka ƙera musu sababbi sak irin na da, tsakanin 2004 da 2010. Sun yi kyau, ba musu. Amma kuɗin da aka kashe ya nuna cewa abin da aka farfasa a rana guda, sai an shekara ana tara kuɗi kafin a sami mai kama da shi.

Mu koma Saliyo, domin labarin bai ƙare a 1975 ba. Ashe ba duk kayan aka sayar wa 'yan gwangwan ba. Wasu ma'aikata sun tura 'yan kawunan jirgi da taragai cikin tsohuwar ma'aikatar reluwe da ke Cline Town a Freetown, aka rufe. A cikinsu har da taragon Gwamna, da wanda aka shirya wa Sarauniya Elizabeth don ziyararta ta 1961, wanda a ƙarshe ba ta ma shiga ba. Yaƙin basasa ya zo daga 1991 zuwa 2002, 'yan gudun hijira suka cika ma'aikatar, aka ɓalle abin da za a iya ɓallewa, amma gangar jikin kayan ta tsira, saboda suna ƙarƙashin rufi. A 2004 wani hafsan sojan Birtaniya mai sha'awar jirage, Kanar Steve Davies, wanda aka turo aikin horar da sojojin ƙasar, ya ga kayan. Ya nemi goyon bayan Shugaba Ahmad Tejan Kabbah, aka tara matasan unguwa da tsofaffin ma'aikata aka shiga kankara da fenti, a 2005 aka buɗe wurin a matsayin gidan tarihin jirgin ƙasa na Saliyo. Daga baya aka kafa ƙungiyar masu taimaka wa gidan a Birtaniya, aka kuma ƙulla zumunci da Llanfair, inda lamba 85 ya sami mafaka.

Mu ma a Nijeriya mun taɓa yin layi mai wannan awo na ƙafa 2 da inci 6. Na farko shi ne ɗan layin Wushishi da Zungeru na zamanin Lugga, wanda aka ajiye ɗaya daga cikin kawunansa a tashar Minna. Babban kuwa shi ne wanda Turawa suka kira layin Bauchi, ko da yake bai taɓa zuwa garin Bauchi ba: daga Zariya ya tashi, ya hau dutse ya isa Jos da Bukuru a 1914, mil 143, yana sauko da kuza. An rufe shi a 1957, shekara ɗaya bayan rufe na Llanfair, aka kai ragowar kayansa harabar gidan tarihi na Jos. A Ebute Metta kuma, cikin harabar reluwe, wata ƙungiyar sa-kai mai suna Legacy ta gyara wani tsohon gida na 1898 ta mai da shi ɗan gidan tarihi a 2010. Ana kiransa Jaekel House, da sunan Francis Jaekel, tsohon ma'aikacin reluwe da ya rubuta tarihin jirgin ƙasan Nijeriya cikin littafi uku. Ga mazauna Agege da Idi Araba, ba wata tafiya ba ce.

Kafintoci da masu walda da masu fenti da masu ɗinkin kujera kuwa, babu zangon da ba su. Namu abokan gabar su ne gara da rana da laimar damina. Watannin da mutanen Wales ke fama da fentin da ya ƙi bushewa, wato Janairu zuwa Maris, su ne mu nan iskar hunturu ke busar da shi kafin la'asar, sai dai a yi dabarar ƙura.